Cutar Stevens-Johnson da danginta a jikin matasa

Cutar Stevens-Johnson rikicewar garkuwar jiki ce da ke kashe saman fata da tattausar fatar cikin baki da ido da al'aura. Likitocin yara biyu na Amurka, Albert Stevens da Frank Johnson, su suka bayyana ta a 1922, bayan sun duba wasu yara maza biyu, ɗan shekara 7 da ɗan shekara 8. A 1956 Alan Lyell ya bayyana nau'inta mafi tsanani. Rabe nau'o'in biyu da aka yi a 1993 ya dogara ne ga faɗin fatar da ta saɓule: ƙasa da kashi 10 cikin 100 na jiki Stevens-Johnson ce, sama da kashi 30 kuwa cutar Lyell.

Takan fara da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da jan ido. Cikin 'yan kwanaki leɓɓa su kumbura su yi ɓawon jini, baki ya gyambace har shan ruwa ya gagara, fata ta yi bororo ta riƙa saɓulewa kamar ta wanda ya ƙone. A manya, magani ne ke jawo mafi yawanta, musamman Septrin, Fansidar, nevirapine da wasu magungunan farfaɗiya, galibi tsakanin kwana 4 zuwa 28 da fara sha. A yara da matasa kuwa, ƙwayoyin cuta suna da babban rabo. Bakteriyar Mycoplasma pneumoniae, da bairos na mura da na korona, sukan jawo nau'in da ke cin baki da ido sosai amma ya bar fata da 'yan ƙuraje kaɗan. Bairos na herpes yana haifar da wani nau'i mai sauƙi, mai zagayayyun tabo a hannu da ƙafa, wanda kan sake dawowa.

Cutar Stevens-Johnson ba ta da yawa: mutum 1 zuwa 6 cikin miliyan a shekara. Masu ɗauke da ƙanjamau sun fi kowa shiga haɗarinta.

A garuruwa irin su Danchadi da sauran ƙauyukan Bodinga da Shagari a jihar Sakkwato, wahalar tana wajen gane cutar. Farkonta yana kama da ƙyanda ko farankama, kuma matashin da zazzaɓi ya kama yakan riga ya sha maganin kemis kafin ƙuraje su fito, sai a rasa ko ƙwayar cuta ce ta jawo ko maganin. Wannan bambanci shi ne jigon jinya, domin maganin da ake zargi dole a dakatar da shi nan take, kuma kada a sake shansa har abada. Majinyaci yana bukatar kwanciya a babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, inda ake masa ƙarin ruwa, a kula da fatarsa yadda ake jinyar ƙuna, likitan ido kuma ya duba shi tun kwanakin farko. Cutar Lyell takan kashe kusan mutum 3 cikin 10, wasu daga cikin waɗanda suka rayu kuma sukan zauna da bushewar ido ko makanta.