Hanyar Sawakin: Yadda Kakanninmu Suka Kai Bakin Bahar Maliya



Ina ƙarami, kakata tana yawan ambaton wani yayanta da ya tafi "Gabas" bai dawo ba. Na ɗauka Makka ya zauna. Sai da na girma na gane ko teku bai gani ba, a Sudan ya tsaya. Wannan ne ya sa na bi diddigin hanyar da maniyyatanmu ke bi kafin zuwan jirgin sama.

Burin kowa ya isa Sawakin, tsohon garin tashar jiragen ruwa a gaɓar Bahar Maliya, inda ake tsallakawa Jidda. Tsohon garin yana kan ɗan tsibiri, gidajensa an gina su da duwatsun murjani.

To ya ake zuwa? Daga Kano mutum zai bi ta Borno, ya shiga Fort Lamy, wato N'Djamena ta yanzu, ya wuce Abeche, ya faɗa Darfur ta El Geneina da El Fasher. Duk a ƙafa ne fa, ko a kan jaki ko raƙumi. Guzuri kuwa ba ya isa. Sai a tsaya a yi noma, ko ƙira, ko wanzanci, a tara kuɗi, a ƙara gaba. Shi ya sa aikin Hajji ke cin shekaru.

Jirgin ƙasa ne ya fara rage wahalar. A 1906 layin dogo daga Atbara ya kai bakin teku, a 1912 kuma ya iso El Obeid. Wanda ya kai nan ya huta da tafiyar ƙafa: jirgi zai ɗauke shi ya ratsa Kosti, Sennar, Khartoum da Atbara har gaɓa. Daga baya manyan motoci suka karɓi ɓangaren Chadi da Darfur, tafiyar ta koma ta makonni ga mai kuɗin mota.

Amma ku lura, tikitin jirgi kuɗi yake so. Da aka buɗe aikin noman auduga na Gezira a 1925, maniyyata da yawa suka tsaya tsinkar auduga da niyyar kaka ɗaya. Kaka ɗaya ta zama biyu, aka yi aure, aka haihu, shi ke nan. Wasu kuma tun farko hijira suka yi: bayan yaƙin Burmi a 1903, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja jama'a zuwa Sudan, kuma garin Mai Wurno kusa da Sennar yana nan har gobe.

Ita ma Sawakin ba ta tsira ba. Mashigarta ta yi wa manyan jiragen ruwa ƙunci, sai Turawan Ingila suka gina Port Sudan, kimanin kilomita 60 a arewa, aka buɗe ta a 1909. Kasuwanci ya koma can, gidajen murjani suka fara zubewa. Yau dai jiragen fasinja na tashi daga Sawakin zuwa Jidda, amma tsohon garin kango ne.

Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, mun ga mutane a motoci suna rububin kaiwa Port Sudan. Ɗalibanmu an kwaso su. Jikokin waɗancan maniyyata kuwa, 'yan ƙasa ne, Sudan ce gidansu, can yaƙin ya same su. Wataƙila har da dangina, waɗanda ban san sunansu ba.

In akwai dattijo a gidanku, ku tambaye shi yau: wa ya tafi Gabas a danginmu? Ku rubuta sunan da garin da aka ji labarinsa na ƙarshe, kafin masu sani su ƙare. Allah Ya ba Sudan zaman lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.