Daga Akwatin Faifai Zuwa Rumbun Kwamfuta: Tarihin Taskar Waƙoƙin DJ

Jarin DJ kashi biyu ne: waƙoƙin da ya tara, da kuma tsarin da ya jera su a kai. Waƙa kowa na iya saye. Amma sanin wadda ake buɗe taro da ita, da wadda ke tayar da masu rawa, da daidai inda ganga ke shigowa a cikin kowace, aikin shekaru ne. Yadda ake adana wannan tsari, da yadda ake ɗaukarsa daga wuri zuwa wuri, ya sauya sau da dama tun tsakiyar ƙarni na 20.

Zamanin faifai

Emile Berliner ne ya yi rajistar garmaho mai aiki da faifai a Amurka a 1887. A 1948 kamfanin Columbia ya fitar da babban faifai mai ɗaukar waƙoƙi da yawa, a 1949 kuma RCA Victor ya fitar da ƙaramin faifai mai inci 7, waƙa ɗaya a kowane gefe. A shekarun 1950 ne masu manyan lasifiku na Kingston, babban birnin Jamaika, suka yi tashe. Clement Dodd, wanda ake kira Coxsone, da abokin gasarsa Duke Reid, sukan samo faifai daga Amurka, su kankare takardar da ke ɗauke da sunan waƙa da na mawaƙi don kada abokin hamayya ya gane ta ya nemo irinta. Sunan waƙar na ainihi yana cikin kan mai ita kaɗai.

DJ Kool Herc, haifaffen Jamaika, ya kai irin wannan sirri unguwar Bronx ta birnin New York, inda ya yi shahararren wasansa na ranar 11 ga Agusta, 1973. Yakan sayi faifai iri ɗaya guda biyu, ya riƙa maimaita gurbin da ganga ke kaɗawa ita kaɗai, daga wannan ya koma wancan. Salon ya tilasta wa masu sana'ar sanin daidai inda gurbi ke farawa, sai suka shiga manna 'yar takarda ko ja layi a jikin faifai. Grandmaster Flash ya yi fice wajen wannan dabara. Bayan fitowar faifan rawa mai inci 12 a kasuwa a 1976, masu kiɗan disko suka ƙara da rubuta saurin waƙa a bangon faifai, wato yawan bugu a minti ɗaya, domin haɗa waƙoƙin da saurinsu ya yi kusa.

Rarrabawa kuwa da akwati ake yin ta. A Amurka akwatunan roba na dakon madara ne suka fi shahara, saboda faifai na shiga cikinsu daidai. Wannan akwati na farkon dare, wancan na lokacin da fili ya cika. Matsalar ita ce nauyi: faifai ɗari da bangayensu sukan kai kilo 20, ga fargabar ɓacewar kaya a filin jirgin sama. Sai dai tsarin yana da fa'ida guda. Waƙa da alamarta da rukuninta duk suna jikin abu ɗaya, wanda ya ɗauki akwatin ya ɗauki komai.

Faifan CD da fayil

Sony da Philips sun fitar da faifan CD a 1982, amma bai samu karɓuwa a wuraren rawa ba sai da aka ƙera na'urorin da ke ba da damar sarrafa shi. Kamfanin Pioneer na Japan ya fitar da CDJ-500 a 1994, sannan CDJ-1000 a 2001, wadda ake juya samanta da hannu kamar faifai. Jakar CD guda ta maye gurbin akwatuna da yawa. Amma ba a iya manna wa CD alama a inda waƙa ke farawa, don haka CDJ-1000 takan adana alamun a wani ɗan katin memori. A nan waƙa da alamarta suka fara zama a wurare dabam-dabam: wanda ya manta katin a gida ya zo da waƙoƙinsa, ya bar aikinsa.

Tsarin MP3, wanda cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta taka babbar rawa wajen samar da shi, ya zama ƙa'ida ta duniya a 1993. Da farko fayil ɗin ba shi da gurbin rubuta sunan waƙa ko na mawaƙi. A 1996 Eric Kemp ya ƙirƙiro tambarin ID3, wani ɗan fili a ƙarshen fayil wanda ke ɗaukar haruffa 30 kacal don sunan waƙa. Sigarsa ta biyu, ta 1998, ta faɗaɗa filin sosai, har ana iya saka hoto da saurin waƙa da wasu bayanai na musamman. Duk abin da aka rubuta a wannan tambari yana bin fayil duk inda aka kai shi.

Manhajojin DJ da rumbunansu

A cikin 'yan shekaru manyan manhajojin sana'ar suka bayyana. Native Instruments na Berlin ya fitar da Traktor a 2000. Final Scratch, wadda ta fito a farkon shekarun 2000, ta ba da damar sarrafa fayil ɗin kwamfuta da faifai na musamman. VirtualDJ ta fito a 2003, kamfanin Serato na New Zealand kuma ya fitar da Scratch Live a 2004 tare da Rane na Amurka. Dukkansu sun kwaikwayi tsohon tsari: a Serato har yau rukunin waƙoƙi sunansa akwati.

Sai dai akwatin kwamfuta babu waƙa a cikinsa. Jerin adireshi ne kawai, kowane layi yana nuna inda fayil yake a ma'ajiyar kwamfutar. Shi ya sa waƙa ɗaya ke iya shiga rukuni goma ba tare da an kwafe ta sau goma ba, abin da faifai ba ya iyawa. Manhaja takan kuma auna saurin waƙa da sautinta, ta adana wuraren da DJ ya yi wa alama, da tarihin abin da ya kunna. Kowane kamfani da inda yake ajiye waɗannan bayanai. Traktor tana zuba su a fayil mai suna collection.nml. VirtualDJ tana da database.xml, kuma takan buɗe wa kowace ma'ajiya ta waje nata rumbun. Serato tana ajiye rukunai a folda mai suna _Serato_, alamun waƙa kuma tana rubuta su a cikin tambarin fayil ɗin kansa.

Daga nan matsalar sauya kwamfuta ta samo asali. DJ ya kwafe waƙoƙinsa dubbai zuwa sabuwar kwamfuta, ya buɗe manhaja, ya tarar babu rukuni ko ɗaya, domin ya ɗauki fayilolin ya bar rumbun bayanan. Wani kuma ya kwafe duka biyun, amma manhaja ta nuna masa waƙoƙin sun ɓace, saboda adireshin ya canza. Abu kaɗan ke jawo haka. Windows na yi wa ma'ajiya laƙabi da harafi, wadda ta kasance D a tsohuwar kwamfuta tana iya zama E a sabuwa. Sunan mai kwamfuta yana cikin adireshin, idan ya bambanta, komai ya bambanta. Tsakanin Windows da Mac kuwa, salon rubuta adireshi ma ba ɗaya ba ne, kuma Mac na iya karanta ma'ajiya mai tsarin NTFS amma ba ta rubutu a kai sai da ƙarin manhaja. Saboda haka masu zirga-zirga tsakanin biyun suka koma FAT32 da exFAT.

Kamfanonin sun mayar da martani da hanyoyi uku: umarnin da ke bin ma'ajiya yana neman fayilolin da suka ɓace ya gyara adireshinsu, da umarnin tattara waƙoƙi da bayanansu a folda ɗaya kafin ƙaura, da kuma ajiye taskar gaba ɗaya a ma'ajiya ta waje wadda ake jona wa kowace kwamfuta.

Filash da gadar iTunes

A 2009 Pioneer ya fitar da CDJ-2000 tare da manhajar rekordbox, wadda kamfanin MixVibes na Faransa ya taimaka wajen ginawa. DJ kan shirya waƙoƙinsa a gida, ya fitar da su tare da rukunansu da alamunsu zuwa filash, ya je wurin wasa ya soka a na'ura. Waƙa da tsarinta suka sake haɗuwa a abu ɗaya, wannan karon a aljihu. Da yake na'urorin Pioneer ne suka mamaye manyan wuraren rawa, tsarin ya bazu cikin sauri.

Abin da bai warware ba shi ne ƙaura daga wata manhaja zuwa wata, domin babu wadda ke karanta rumbun 'yar'uwarta yadda ya kamata. Shekaru da dama iTunes ta Apple, wadda ta fito a 2001, ita ce gadar: tana fitar da jerin waƙoƙi a fayil ɗin XML wanda kusan duk manhajojin DJ ke ganewa, ko da yake rukunai kawai take ɗauka, ban da alamu. A 2019 Apple ya kawar da iTunes a tsarin macOS Catalina, lamarin da ya rikita masu dogaro da wannan gada har sai da kamfanoni suka sabunta manhajojinsu. Matsalar ƙaura tsakanin manhajoji ta haifar da ƙananan manhajoji irin su Rekord Buddy da Lexicon, waɗanda aikinsu shi ne juya taska daga wani tsari zuwa wani. Ko su ma suna fama da wata matsala: manhajoji ba su yi daidai ba wajen ƙirga farkon fayil ɗin MP3, don haka alama kan ɗan goce bayan juyawa, sai an gyara.

Zamanin intanet

Sigar rekordbox ta 6, wadda ta fito a 2020, ta kawo daidaita taska tsakanin kwamfutoci ta hanyar Dropbox. Manhajojin sun kuma fara jawo waƙoƙi kai tsaye daga dandamali irin su Tidal da SoundCloud da Beatport. Wannan ya rage wahalar kwafe fayiloli, amma ya zo da nasa haɗarin, domin waƙar haya ce. Lokacin da Spotify ya janye daga manhajojin DJ a Yulin 2020, masu amfani da manhajar djay da suka gina rukunansu a kansa sun wayi gari da jerin sunaye marasa sauti.

A ƙasar Hausa, inda DJ ya zama ɗan gida a bukukuwan aure da suna, aikin ya fi dogara ga fayilolin da ke hannu, saboda tsadar data da rashin tabbas na sabis. Waƙoƙi da yawa suna yawo ne ta waya da katin memori da shagunan masu turi, sau da yawa ba tare da cikakken tambari ba. Don haka masu sana'ar da dama kan rarraba waƙoƙinsu a foldodi na zahiri, wannan ta amarya, waccan ta kiɗan gargajiya, tsarin da ba ya rushewa idan an sauya kwamfuta ko manhaja.

Ƙa'idojin da sana'ar ta tsaya a kansu a yau sun fito ne daga waɗannan matsaloli: tara waƙoƙi duka a ƙarƙashin folda ɗaya, kwafe rumbun bayanai tare da fayiloli, kiyaye adireshi iri ɗaya a sabuwar kwamfuta, saka sigar manhaja wadda ba ta gaza tsohuwar ba, da riƙe tsohuwar taska har sai an gwada sabuwar an tabbatar rukunai da alamu sun iso lafiya.