Kuɗin Laraba da Makarantar Ɗan Talaka

In ana zancen ilmin ƙananan yara, hankali yakan koma ga makarantun 'ya'yan masu hali. Alhali kuwa ɗan talaka a ƙasar Zamfara ya daɗe da tasa makarantar, tun zamanin da 'Yandoto, kusa da Tsafe, take matattarar malamai kafin jihadi.

Yaro ɗan shekara huɗu akan kai shi zauren malam, ya zauna bayan yayyensa yana bin karatu da ka, tun bai isa riƙe allo ba. Malam ba shi da albashi. Abin da yake samu shi ne kuɗin Laraba, da damin gero in kaka ta yi. Wanda bai da ko ɗaya kuwa ba a korar ɗansa. A ganina, nan asirin yaɗuwarta yake. Da Gusau ta bunƙasa bayan zuwan jirgin ƙasa, kowace sabuwar unguwa ta zo da zaurenta, haka kuma a Bunguɗu da ƙauyukanta.

Hukuma ta makara ƙwarai. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 daga ɗan shekara shida ya fara. Sai a dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 aka sa na ƙasa da shi cikin lissafi.