Majo da sabon hannu a likitar ƙauye

A Damagaram kalma ɗaya ke nufin mai magani da gidan magani: likita. Mutumin Takieta da ya ce zai tafi likita, galibi anfirme, wato ma'aikacin jinya, zai taras, kuma tun zamanin Turawa haka abin yake. Faransawa sun ci Zinder, birnin Damagaram, a 1899, daga baya ta zama babban birnin Nijar har 1926, amma daktocinsu na soja ana ƙirga su da yatsu. Makarantar likitanci ta Dakar, da aka buɗe a 1918, kaɗan take yayewa ga ƙasashe da yawa. Sai aka riƙa ɗaukar samari masu ɗan karatun lakwal, suna koyon wanke gyambo da dafa sirinji a gefen wanda ya riga su, kamar yadda ɗan wanzami ke wanke ƙahon ubansa shekaru kafin a miƙa masa aska. Wannan na gaba shi ne majo, kuma a hannunsa hannun sabo ke nuna.

Bayan samun ƴancin kai a 1960 karatu ya koma aji, Zinder ma ta samu makarantar lafiya ta gwamnati. Daga baya Shugaba Tandja ya baza ƙananan gidajen likita a karkara, a 2006 aka mayar da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Jama'a ta yi cincirindo, tsofaffin hannu ba su ƙaru daidai da ita ba. Yau sabon anfirme na iya kwana shi kaɗai da damina a ƙauyen yankin Takieta, a kawo masa yaro yana jijjiga da zazzaɓin cizon sauro, jijiya ta ɓuya, asibitin Zinder na nesa da kilomita kusan 50. Ya san maganin sarai. Wanda zai kama masa hannu ne babu.

Za a ce tsohon tsarin ya gadar da miyagun ɗabi'u, tsawa ga mai naƙuda da allura ga kowane ciwo. Gaskiya ne, kuma aji ya gyara da yawa daga ciki. Za a kuma ce ai ɗalibai na zuwa asibiti koyon aiki kafin a yaye su. To, amma makarantu masu zaman kansu sun yawaita, gadajen asibiti ba su bi su ba, kuma ɗalibin da ke leƙe ta kafaɗar ƴan'uwansa bai taɓa jijiya ba tukuna.