Farin kallabin "ma sœur": daga ina ya samo asali?

Da yawa cikinmu mun taɓa ganin "ma sœur" a gidan likita ko a lekwal, da doguwar riga da farin kallabi, fes-fes. Tun muna yara kayan nan ke burge mu. To amma asalinsu ba na ado ba ne.

A 1633, a Faransa, Vincent de Paul da Louise de Marillac suka kafa ƙungiyar Filles de la Charité. A zamanin, mata masu zaman zuhudu a kulle suke cikin gidan ibada. Su kuwa waɗannan sai suka shiga unguwanni suna jinyar matalauta, sanye da irin kayan matan ƙauye. Daga baya farar hularsu mai kamar fukafukai ta yi suna, sai a 1964 suka aje ta.

Haka Mère Teresa a Kalkuta: a 1948 ta bar gidan Loreto, ta ɗaura farin sari mai shuɗin baki, suturar talakawan Indiya.

Kallabin kuwa da alkawari uku yake tafe: ba dukiya, ba aure, sai biyayya. Mu kayan muke gani. Su wannan nauyin suka ɗauka.