Sahtu, tabkin da ke da zuciya

A can arewacin Kanada, inda sanyi ke cinye mafi yawan shekara, akwai wani tabki da Turawa ke kira Great Bear, ƴan ƙasa kuwa suna ce masa Sahtu. Faɗinsa ya kai murabba'in kilometir dubu 31, zurfinsa metir 446, ƙanƙara tana rufe shi tun daga Nuwamba har Yuli. Gari ɗaya tak ke bakinsa, Deline, mazaunin ƴan ɗaruruwan mutane na ƙabilar Dene, masunta da mafarauta.

Dattawansu suna ba da labarin wani masunci da ƙugiyarsa ta ɓata. Sai ya rikiɗa ya zama kifi, ya nutsa nemanta. A ƙarƙashin ruwa ya tarar da wata babbar zuciya tana bugawa, kifaye kewaye da ita. Sunanta Tudze. Ita ce, in ji su, ke raya tabkin da duk abin da ke shan ruwansa. Wanda ya ɓata ta ya ɓata kowa.

Tarihi ya gwada wannan magana. A 1930 Gilbert LaBine ya gano ma'adini a gabashin tabkin, aka buɗe mahaƙar Port Radium. Daga 1942 zuwa 1960 iraniyom ake haƙowa, irin wanda ake tonowa a Arlit, kuma wani ɓangarensa ya shiga shirin Amurka na ƙera bom. Mazan Dene suka yi ta dakon buhuna a kafaɗa, babu wanda ya gaya musu haɗarin ƙurar. Aka zuba tarkacen haƙa cikin ruwa. Da cutar daji ta riƙa ɗaukar tsofaffin ƴan dako, sai aka laƙaba wa Deline sunan garin zawarawa. A 1998 wakilansu suka tafi Hiroshima neman gafara kan laifin da ba su san sun sa hannu a ciki ba.

A 2016 UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren da ake karewa, da sunan Tsa Tue, ƙarƙashin kulawar ƴan ƙasa, kuma a shekarar Deline ta samu ikon tafiyar da kanta. Mahaƙar ta daɗe da rufewa. Labarin zuciyar ruwa kuwa ya shiga takardun tsarin kula da tabkin, ana kuma ci gaba da koya wa yara shi.