Damargu, rumbun da ya ciyar da ayarin gishiri

Kalmar Sahel da muke ji kullum a rediyo daga Larabci ta fito, ma'anarta gaɓar teku. Waɗanda suka raɗa sunan sun san abin da suke faɗa, domin hamada teku ce, raƙumi jirginta, kuma wanda ya ƙetare ta dole ya nemi inda zai sauke kaya ya yi guzuri. A kan hanyar da ta taso daga Tarabulus ta bi ta Gadamus da Gat da duwatsun Azbin ta nufi Kano, wannan masaukin shi ne Damargu, ƙasar da a yau ta ƙunshi yankunan Tanut da Balbeji a jihar Damagaram. Masu ba da tarihin fatauci sun saba wuce ta da layi ɗaya, kamar fili ne kawai tsakanin Agadas da birnin Damagaram. Ni kuwa ina ganin an tauye mata haƙƙi, don hatsin Damargu ne ya riƙe ayarin, kuma da babu shi da gishirin Bilma bai kai kasuwar Kurmi ta Kano ba.

Shaida ta farko tana cikin labarin Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim. Shi da abokan tafiyarsa biyu, Richardson da Overweg, sun biyo ayarin gishiri na Azbinawan Kel Ewey ƙarƙashin dattijo Annur, suka shigo Damargu a watan Janairu na 1851. A ƙauyen Tagelel suka rabu, Richardson ya nufi Damagaram, Barth da Overweg suka yi wajen Tasawa, daga nan Barth ya wuce Katsina da Kano. Abin da ya ɗauki hankalinsa bayan watanni cikin duwatsu da rairayi shi ne gonaki da rumbuna, har ya bayyana ƙasar a matsayin wadda ke ciyar da Azbin. Shi kansa Annur, mutumin duwatsu, yana da mutane da dukiya a Tagelel. Babban Azbinawa ba zai kafa gida a wurin da ratsawa kawai ake yi ba. Ya kafa ne inda abincin gidansa da jarin fataucinsa suke fitowa.

Sai a duba yadda cinikin yake tafiya. Mutanen Fashi da Bilma suna da gishiri da dabino, amma ƙasarsu ba ta noma hatsi. Don haka idan ayari ya tashi daga Azbin wajen watan Oktoba ya shiga hamadar Tenere, tafiyar sama da kilomita 500, babban abin da yake ɗauke da shi na saye shi ne hatsi, tare da damman ciyawa na raƙuma, tunda babu abin kiwo a hanya. Da hatsin ake musayar gishirin kantu da na beza da dabino. In an dawo an huta, sai a gangaro kudu daidai lokacin da aka gama girbi, a sayar da gishiri ga makiyaya da manoma, raƙuma su yi watanni suna cin kara a gonaki suna barin taki, kana a loda hatsi a koma gida kafin damina. Wani kason wannan hatsi iyali za su ci, wani kuma shi ne kuɗin gishirin baɗi. Duk inda aka kama wannan zagaye, hatsi ne mafarinsa, kuma Damargu ce ƙasar noma ta farko da mai fitowa daga arewa yake tararwa.

Za a ce, ai wannan ba ciniki ba ne tsakanin tsara da tsara, mulki ne. Gaskiya ne, kuma bai dace a lulluɓe shi ba. Dagirawa, waɗanda harshensu na Barebari ne, da Hausawan da suka yi ta shigowa neman ƙasar noma, sun zauna ƙarƙashin manyan Azbinawa suna ba da hatsi don a bar su lafiya, kuma akwai ƙauyukan da bayi da ƴaƴan bayi suka noma domin iyayengijinsu. Wanda ya yi zufa a gona sau da yawa ba shi ya ci ribar ba. Amma wannan ƙorafi ƙarfafa maganar yake yi. Ba a ɗora wa ƙasa haraji, ba a yi gasa a kanta da takobi, sai in tana da abin da ba a iya rayuwa babu shi. Rashin adalcin da aka yi wa manomin Damargu a wancan zamani bai kamata a ninka shi ba yanzu ta hanyar goge sunansa daga labarin.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: cewa arzikin gaske yana Kano da Damagaram, inda attajirai irin su Malam Yaro suke, kuma da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai hanyar Tarabulus ta mutu, garuruwa kamar Jajiduna suka dusashe. Hakan ya faru. Gashin jimina da fatu da hauren giwa da Gadamusawa ke kaiwa arewa sun koma bin hanyar Ikko, ko kasuwarsu ta faɗi. Sai dai a nan ana haɗa fatauci biyu ne a mai da su ɗaya. Na farko kayan marmari ne na kasuwannin Turai, shi ne ya mutu. Na biyu gishiri ne da hatsi, abin da saniya ke lasa da abin da yaro ke sha a fura, kuma shi bai san da zuwan jirgin ƙasa ba. Stephen Baier, wanda ya yi bincike a wannan yanki ya buga littafinsa kan tattalin arzikin tsakiyar Nijar a 1980, ya nuna yadda hamada da ƙasar noma suka jingina da juna ta wannan hanya. Ayarin ya sha yunwar 1913 zuwa 1914, ya sha murƙushewar da Faransawa suka yi bayan tawayen Kaosan na 1916 da 1917 (shi ma Kaosan haifaffen Damargu ne), lokacin da raƙuma suka ƙare mutane suka watse, amma ya sake tashi. Abin da ya rage masa ƙarfi sosai shi ne farin 1973 da na 1984, da manyan motoci.

Abin da ya sa ya iya tashi bayan kowace masifa shi ne sanin hanya bai taɓa zama a takarda ba, a kan mutane yake. Ana ɗaukar yaro tun yana ɗan saurayi ya bi mahaifinsa ko kakansa, ya koyi ɗaurin kaya yadda kantu ba zai fashe ba, ya san rijiyar da ke ƙafewa da wadda ba ta ƙafewa, ya ga yadda madugu ke duba taurari, ya kuma san gidan wane za a sauka a wane ƙauye, domin amana tsakanin bafatake da mai masaukinsa gado ce. Ɗan manomi shi ma a gindin rumbu yake koyon awo da lissafin bashi. A ƙasar Norway, inda ƙanƙara ta sassaƙa dogayen mashigan teku tsakanin duwatsu, akwai gidajen gona da a da ba a isa gare su sai da kwalekwale, kuma yara a hannun manya suke koyon tuƙi. Da hanyoyin mota suka zo, mutanen can ba su bar ilimin ya bi tsofaffi ba, har a 2021 UNESCO ta sa sana'ar ƙera irin waɗannan ƙananan jirage na ƙasashen arewacin Turai cikin gadon ɗan Adam. Mu an sa tsohon garin Agadas cikin gadon duniya a 2013, abin farin ciki, amma gini ba ya ba da labarin wanda ya ciyar da maginansa.

Yau mai mota yana bin hanyar Damagaram zuwa Agadas ya ratsa Tanut cikin ƴan mintuna. A Gangara da Olelewa da kwarin Tarka kuwa akwai dattawan da suka ga ayari yana sauka a bayan gari, suna iya faɗin sunayen zango da rijiyoyi da iyalan da suka yi hulɗa da su. Malamai da ɗaliban tarihi na Jami'ar André Salifou ta Damagaram, da gidajen rediyon yankin, su je su naɗi muryoyinsu tun suna raye. Wanda kuma yake da kaka a waɗannan garuruwa, ya kai ƴaƴansa su zauna a gabansa su tambaye shi.